Goron da Bai Dawo Ba

Baba ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar damina, kuma kafin azahar gidanmu ya cika har bakin titi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un ita ce a bakin kowa, amma a ƙarƙashinta akwai wasu maganganu, kuma ni da nake zagayawa tsakanin mata da butar ruwa da kofuna, babu wadda ta wuce kunnena.

Wata tsohuwa ta unguwarmu ta ce ita ba ta taɓa kwanciya ciwo ba sai ta buɗe ido ta ga Manaja tsaye a bakin ƙofa. Wata da ta zo daga Salka ta ce shi ya kai mijinta asibiti a bayan babur, yana tuƙi yana yi masa faɗa har suka isa. Sai wata da ke zaune jikin randa ta rage murya ta ce wa ta kusa da ita, "Allah Ya jiƙansa dai. Amma ai shi ne ya rufe asibitin kamfani." Sai da na ajiye butar a ƙasa, don na san halina.

Da la'asar, bayan maza sun dawo daga maƙabarta, Gwaggo ta shigo. Ba gwaggon kowa ba ce a gidan, matar marigayi mai gadin kamfani ce, amma haka duk muke kiranta. Yanar ido ta rufe mata gani, da sanda da katanga take gane hanya. Ta laluba ta zauna kusa da Inna, uwar mijina, ta yi mata gaisuwa yadda ake yi. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsina ta ce, "Malama, to Asabar fa?"

Mata suka dubi juna, wasu suka ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ni na san abin da take nufi. Asabar ce ranar da Baba ya sa ta gayya a gonar marasa lafiya, kuma daga masarar gonar nan aka yi wa Gwaggo alkawarin aikin ido bayan kaka. Na miƙa mata ruwa.

Saboda matar jikin randa nake wannan rubutu, da kuma saboda Gwaggo. Ba zan kama sunansa ba. Surukina ne, uban mijina, duk zamana a gidansa ban taɓa furta sunan ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Mutanen Kontagora sun san wanda nake nufi in na ce Manaja, 'ya'yana kuma sun san wanda nake nufi in na ce Baba.

Gajere ne, mai sanƙo, mai saurin tafiya kamar an aike shi. Aljihunsa ba ya rabuwa da goro, alhali shi likita ya hana shi ci tun da hawan jini ya kama shi. Na bayarwa ne. Da aka kawo ni gidan ina ta ɓuya bayan ƙofa in na ji muryarsa, kamar yadda aka koya min. Ya bar ni na yi kwanakina, sannan wata rana ya ɗaga murya daga zaure ya ce, "Malama, in kika ci gaba da ɓuya, wa zan gaya wa miya ta yi gishiri?" Tun ranar kunyar ta ragu, sunan Malama kuma ya bi ni, saboda ina koyarwa a firamare. Miyar kuwa ta yi gishiri, ban musa ba.

Maganarsa ɗaya ce a kan kowace rigima. Ko ma'aikata biyu ne suka zo masa suna huci, ko mata da miji, ko 'ya'yansa, zai saurara kaɗan ya ɗaga hannu ya ce, "A ci abinci tukuna." Na sha jin haushin wannan magana, musamman in ni ce mai ƙara, domin ana gama cin tuwon sai in nemi rabin fushina in rasa. Shi kuwa ya san haka, shi ya sa yake yi.

Sai dubiya. Ban taɓa ganin mutum mai son dubiya irin Baba ba. Ba irin wadda ake tsayawa a ce sannu a tafi ba. Zai zauna, ya ce a miƙo masa ledar magani, ya zazzage ta a kan tabarma, ya tambayi wanne aka sha wanne aka ɓoye. Masu ciwo na jin ƙarar babur ɗinsa sai su yi maza su haɗiye abin da suka kwana suna gudu.

Kamfanin da ya yi wa aiki har ya yi ritaya babba ne, yana gurzar auduga, daga baya ya ƙara da casar shinkafa, hedikwatarsa kuma tana can nesa. Baba ne mai kula da harkar ma'aikata: ɗauka, hutu, raba faɗa, da katin asibiti. Asibitin ɗan ƙarami ne a cikin harabar kamfanin, ɗakuna kaɗan da baranda, amma a zamanin nan babu kamarsa a wajenmu. Ma'aikaci da iyalinsa kyauta ake duba su, kyauta ake ba su magani. Mijina ma a sito na kamfanin yake aiki, don haka ni ma can nake awo.

Kalmar iyali ce ta zama abin da ta zama. A hedikwata suna da abin da suke nufi da ita, mu ma muna da namu. Katin ma'aikaci ɗaya yakan ɗauki uwarsa, da ƙannen matarsa, da 'ya'yan riƙo, da baƙon da ya zo cin kasuwa daga Kumbashi zazzabi ya kayar da shi a zaure. Baba yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Wai an turo wani jami'i ya duba asibitin, ya tarar da wani dattijo mai farin gemu a layi riƙe da katin mai gadi, mijin Gwaggo. Aka kira mai gadi, jami'i ya ce, "Wane ne wannan?" Mai gadi ya ce, "Ɗana ne." Jami'i ya ce, "Ɗanka? Ai ya girme ka!" Mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan yayana ne. In ba ɗana ba, mene ne?" In Baba ya zo nan sai ya yi dariya har ya share hawaye da hularsa, sannan ya ce, "Kuma fa bai yi ƙarya ba. Nan matsalar take."

Da aka sayar da kamfanin ga sababbin masu shi, ba a daɗe ba umarni ya zo. Za a rufe asibitin. Za a ba kowa katin inshora, na mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Babu iyaye, babu 'yan riƙo, babu waɗanda suka yi ritaya, magungunan da ake sha kullum kuma kowa ya saya da kansa. Baba aka ce ya sanar. Mijina ya ce a gindin mangwaron bakin ofis ya tara mutane, ya faɗa da Turanci ya faɗa da Hausa, bai sassauta ko kalma ɗaya ba. Da aka fara zaginsa bai shige ofis ba, ya tsaya a wurin hannunsa a baya har kowa ya gaji ya watse.

Ni a lokacin ina da tsohon ciki, kuma na cika fam. Da yamma na kai masa abinci na dangwarar da kwanon har murfin ya yi tsalle. Ya dube ni ya ce, "Malama, zauna. Kwanon nan bai yi miki komai ba."

Na zauna a bakin tabarma, na ce, "Baba, me muka yi musu?"

Ya ce, "Ba ku yi musu komai ba, tsufa muka yi. Da can ciwon ma'aikaci zazzabi ne da gudawa, sai wanda inji ya yanka. A yi masa allura, jibi ya koma aiki. Yanzu fa? Hawan jini, ciwon suga, irin waɗanda ba a warkewa, sai dai a yi ta sha har ranar tafiya. Maganin kuma daga waje yake zuwa, dala na motsawa ya tashi. Su kuma mutanen nan da bashin banki suka saye mu, banki kuwa ba ya jin ana ciwo. Ga masu casar shinkafa na kusa da mu, ba su da ma'aikaci ko ɗaya, duk 'yan kwantiragi ne. In ɗaya ya kwanta a ɗauki wani. Buhunsu ya fi namu araha a kasuwa."

Na ce, "To me ya hana su rage motocin manya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Su ne fa suke zaman yanke shawarar." Sannan ya gyara zama. "Ki ji wadda ba za su rubuta ba. In suka taɓa albashi, gobe da safe kowa yana bakin get, inji ba zai tashi ba. Amma asibiti, ranar da aka rufe shi yawancin mutane lafiyarsu ƙalau. Za su yi surutu su koma aiki. Zafin daga baya yake zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa a ɗakinsa. Kin taɓa ganin mara lafiya ya yi yajin aiki?"

Ya ce, "Mu ma da namu laifin. Katunan nan ni nake sa musu hannu, na san dattijon nan ba a cikin lissafinsu yake ba, kuma ban yi nadama ba. Amma kamfani ba shi da uwa, Malama, ba shi da ɗan yaya. Mun kwashi danginmu kaf mun jingina su a jikin abin da ba shi da dangi."

Na ce, "Ai da kun ƙi faɗa."

Ya ce, "Da sun turo wani ya manna takarda a bango ya hau mota ya tafi. Gara su ji daga bakin wanda za su zaga yau su kuma same shi gobe." Ya buɗe kwanon, ya leƙa, ya ce yau ma da gishiri. Ban yi dariya ba, amma ban ƙara dangwarar masa da kwano ba.

Wanda bai sauko ba shi ne amininsa, Baba Direba. Mutumin Tungan Magajiya ne, Kirista, shi ke jan babbar motar kamfani tun suna samari. Dogo ne, mai ƙatuwar murya, kuma kowa "kai" yake ce masa, har ni. Duk Asabar da rana yana zaurenmu, su biyu su ci tuwo a wani tsohon akushi da Baba ya gada, kowa da gefensa, kuma kullum sai sun yi gardamar wanda ya ƙetare iyaka ya ɗauki nama. Da Kirsimeti shinkafarsa na zuwa gidanmu, da Sallah cinyar ragonmu na zuwa nasa. Tsohuwarsa tana wajensa a gari, tana da ciwon suga, kuma asibitin kamfani ne ya riƙe ta shekaru.

Asabar ɗin da ta biyo bayan sanarwa ya zo kamar kullum. Na ajiye akushi, na ajiye ruwan wanke hannu, ban kai ga fita ba na ji ya ce, "Manaja, uwa ba iyali ba ce?"

Baba ya ce, "Iyali ce."

"To da bakinka ka ce ba ita. Kai da ka ci tuwon hannunta. Kai da take ce wa ɗana."

Baba ya ɗaga hannu ya ce, "A ci abinci tukuna."

Ranar kaɗai na ga maganar nan ta faɗi ƙasa. Baba Direba ya miƙe, kansa ya kusa taɓa rufin zaure, ya ce, "Ni da kai ba mu ƙara sa hannu a kwano ɗaya." Ya sa takalmansa ya fita. Baba ya zauna gaban tuwon har ya huce, sannan ya ce in ɗauke. Inna ta wanke akushin ta ɗora shi can saman kabad, ba a ƙara sauko da shi ba.

Baba Direba ya sayar da shanun huɗarsa ya riƙe tsohuwar da magani, daga baya ya bar aikin ya koma da ita Tungan Magajiya. Ta ƙara shekaru masu dama kafin ta rasu. Baba ya je gaisuwa, aka ba shi kujera aka ba shi ruwa, aka yi masa godiya kamar kowane baƙo. Da ya dawo, ranar bai je dubiya ba.

Damina ta farko bayan rufe asibiti Baba ya tara mutanen da suka zage shi, a gindin mangwaron nan dai. Ya ce musu yana da gonar gado a bayan gari, ya ba da ita. Ba ya son a yi karo-karo, don ya san ƙarshen wata ba ya kai kowa. Amma duk wanda ke wurin, Bahaushe ne ko Bakambare ko Baduke, babu wanda bai taso da fartanya a hannu ba. Za a yi gayya, a shuka tare, a nome tare, a girbe tare, a zuba a rumbu. Ba za a taɓa ba sai wani ya kwanta, sannan a fitar da buhu a sayar a kai shi asibiti. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wa da wa ne iyali a nan kuma?" Baba ya ce, "Duk wanda ka ce naka ne. Amma ka zo da fartanyarsa."

Bai taɓa cewa gonar ta maye gurbin asibiti ba. In aka yabe shi sai ya ce, "Rumbu ne fa, ba likita ba." Akwai shekarar da tsutsa ta cinye masarar, rumbu ya kwana wayam, aka rasa mutum biyu da wataƙila da asibitin yana nan da ba a rasa su ba, kuma Baba bai ɓoye wannan ba. Amma akwai shekarun da ta yi. Haihuwata ta uku sai da aka yi min aiki, kuma buhunan gonar nan ne suka fitar da ni. Waɗanda suka mutu suka bar mata, irin Gwaggo, Baba ya ce fartanyar mazajensu tana nan, ba ta mutu ba, sai ya riƙa noma kunya biyu, tasa da ta mamaci, har ƙarfinsa ya ƙare samari suka karɓa.

Gayyar Baba ba a waya ake kiranta ba. Da goro ake kira. Zai naɗe shi a ganye, ya hau babur ya bi gida gida. Wanda ya karɓa ya ci, ya ɗaure kansa ke nan, ko ana ruwan ƙanƙara sai ya zo. Wanda ba zai samu zuwa ba sai ya mayar, ba laifi. Kuma duk shekara sai ya naɗe guda ya ba wani mai motar haya ya kai Tungan Magajiya. Duk shekara kuma sai ya dawo a cikin ganyensa. Na gaji na ce, "Baba, ku daina wahalar da kanku. Mutumin nan ya rufe ƙofa." Ya warware ganyen ya nuna min. Goron jiƙe yake, an yayyafa masa ruwa kafin a maido shi don kada ya bushe a hanya. Ya ce, "Dubi nan, Malama. Wanda ya tsane ka ba ya yi wa goronka haka."

Bana ma ya raba goronsa na maimai, noma na biyu, ya sa Asabar. Yana gama zagayen ya kwanta. Ciwon bai ja ba. Ana gobe zai rasu na shiga da kunu, ya buɗe ido ya ce, "Goron Tungan Magajiya ya dawo?"

Na ce, "Bai dawo ba, Baba. Ina jin mai motar ne ya cinye."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "To ko ma wa ya ci, ya zo da fartanya." Ita ce wasa ta ƙarshe da ya yi da ni.

Ranar Juma'a tambayar Gwaggo ta hana ni sakat. An yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, kuma na ji masu zuwa gaisuwa daga wajen suna cewa ciyawa ta kamo masarar. In aka ƙara mako ba a shiga ba, an yi asarar shekara. Abin da ya fi wannan ba ni tsoro, babu wanda ya taɓa kiran gayyar nan sai Baba. In wannan ta wuce shiru, na san mutanenmu, ba za a ƙara yin wata ba. Na tare mijina a bakin ɗaki na gaya masa. Ya ce, "Ke, babana bai kwana biyu a ƙasa ba, ki ce in bar masu gaisuwa in tafi gona? Gobe fa addu'ar uku. Me za a ce da mu?" Na ce ciyawar ba ta san ana makoki ba. Ya dube ni da jajayen idanu ya wuce. Ban ga laifinsa ba, amma ban ga nawa ba ni ma.

Asabar da safe aka yi addu'a, aka shafa, maza suka koma ƙarƙashin rumfa, mu kuma muna ta fama da tukwanen abincin sadaka. Sai na ji zaure ya yi tsit, sannan na ji wata murya da na daɗe ban ji ba tana sallama. Baba Direba ne. Ya ranƙwafa, kansa ya yi fari fat, takalmin roba a ƙafarsa, fartanya a kafaɗarsa. Ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin da Inna take takaba, ya cire hula, ya durƙusa da ƙyar.

Ya ce, "Hajiya, sannu da haƙuri."

Inna, wadda tun Alhamis ba wanda ya ga hawayenta, ta rufe fuska da mayafi.

Ya ce, "Ni ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Na ci goro." Ya gyara durƙuso. "Tun ran Litinin na ci shi. Matata ce ta ce min, kai da mutumin nan, wata rana ɗayanku zai mutu goro yana hanya. Na ce to. Na ce ba zan aika masa ba, bari Asabar ta yi ya ɗago kai kawai ya gan ni a gona, in ga yadda zai yi da fuskarsa." Ya juya hular a hannunsa. "Ya riga ni."

Ni da ludayi a hannuna na ce, "Ya san goron bai dawo ba, Baba. Ya tambaya, na gaya masa. Ya yi dariya."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai ne Malama? Ya yi dariya?" Na ce ya yi, har da tari. Sai ya gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗawa.

Inna ta share fuska ta ce a kira mata mijina. Da ya zo ya tsuguna ta ce, "Babanku ya sa rana, mutane sun ci goronsa. Ku tashi." Mijina ya fita ya gaya wa liman, yana jin nauyi. Liman ya ce addu'a an yi ta, abin da ya rage aiki ne, kuma bai san sadakar da za ta fi wannan isa ga mamaci ba. Aka bar dattawan da ba sa iya sunkuyo su karɓi baƙi. Sauran suka watse neman fartanya, wasu gidajensu, wasu aro a maƙwabta. Na ga mutane da manyan riguna sun naɗe su a ƙugu sun hau bayan a-kori-kura. Waɗanda suka zo gaisuwa daga baya aka riƙa nuna musu hanyar gona, kuma da yawa sun bi.

Mu mata muka juye abincin sadaka a bokitai da kuloli. Matar jikin randa ma ta ɗauki bokitin kunu ta bi bayana har gona, kuma ban ce mata komai ba, wanda duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin ƙoƙari na yi ba. Ina shirin fita Inna ta kira ni ta nuna saman kabad. Na hau kujera na sauko da akushin, na wanke ƙurar da ta taru a cikinsa.

Yau da nake wannan rubutu masarar tana rumbu. An yi wa Gwaggo ido ɗaya, kuma abin da ta fara faɗa da ta gan ni shi ne ashe na yi ƙiba haka. Mijina ya gyara babur ɗin Baba, ya fara koyon naɗe goro a ganye, har yanzu bai iya ba. Wanda ya ce Manaja ne ya rufe asibitin kamfani bai yi ƙarya ba, da bakinsa aka faɗa. Ina roƙo dai in an faɗi wannan a ƙarasa sauran. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya duba shi a kabarinsa yadda ya yi ta duba bayinSa a kan tabarmarsu.

A gonar, ranar nan, rana ta take tsaka kafin su kai ƙarshen kunyoyin. Baba Direba bai iya bin samari ba, amma bai yarda an karɓi fartanyarsa ba. Da aka tsaya hutawa ya zauna shi kaɗai a gindin ɗorawa yana haki. Na zuba tuwo a akushin, na zuba miya, na kai na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya wanke hannu, ya juya akushin har gefensa na da ya dawo gabansa, ya fara ci daga nan, bai taɓa ɗaya gefen ba.

Ya ɗaga hannu ya yafito mijina. Mijina ya zo jiƙe da gumi, ya tsuguna, ya buɗe baki zai yi godiya. Baba Direba ya tura masa gefen da ba a taɓa ba, ya miƙa masa ruwan wanke hannu.

Ya ce, "A ci abinci tukuna."